Dokin da Ƙafa ta Riƙe: Abin Dubawa Kafin a Sayi Garin Gaɓɓai

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, in hunturu ya kankama a Sakkwato, koke iri ɗaya ake ji a bargogi. Doki ya kwana lafiya, ya ci ya sha, amma da aka kwance shi daga turke da safe sai takunsa ya gajarta, juyawa ta yi masa wuya, ƙafar baya tana sharar ƙasa. Sai an ja shi an zagaya da shi na ɗan lokaci kafin jikinsa ya saki. A da, abin da ke biyo baya sananne ne: a gasa da ruwan zafi, a murza man kaɗanya, a jiƙa sassaƙe, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kai ga lalas da jan ƙarfe. Yanzu an samu ƙari. Robobin gari da jarkokin ruwa masu hoton doki a jiki, 'yan Ingila da Amurka da sauran ƙasashe, sun shigo ta hannun masu ƙwallon dawaki da masu sukuwa, har sun kai ga mai doki ɗaya tal da yake ajiye da shi don hawan salla da na angwanci. Ana tallarsu a WhatsApp, ana zuba su cikin dusa, kowace roba tana alkawarin gyara gaɓa.

Mai doki in ya je wurin likitan dabbobi, tambayarsa ba ta wuce, "Likita, dokin ga ƙahwa ta riƙe mai, mi za a ba shi?" Likitan da ya san aikinsa yakan fara da wata tambayar: mi as same shi tukuna? Ni ma a nan na tsaya. Ba na cewa garin gaɓɓai yaudara ce zalla. Amma cikin duk abubuwan da za a iya yi wa dokin da ya ƙage, shi ne mai cin kuɗi da yawa kuma mai ƙarancin tabbas, don haka wanda zai saye shi ya kamata ya san me yake saye, giram nawa, da yadda zai gane ko yana aiki.

Duk wanda ya taɓa raba gaɓar ƙafar rago ranar layya ya ga abin da ake magana a kai: farin guringuntsi mai sulɓi a kan ƙasusuwa biyu, da ɗan ruwa mai yauƙi a tsakaninsu. Guringuntsin ne ke hana ƙashi gogar ƙashi. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, abincinsa daga ruwan gaɓar yake tsotsa, tsotsar kuwa ba ta yiwuwa sai gaɓa tana motsi, nauyi yana danna shi yana saki. Saboda haka in ya zaizaye ba ya komawa yadda Allah ya halicce shi. Saboda haka kuma dokin da ya wuni ya kwana a turke da dabaibayi, gaɓɓansa suna cikin yunwa ko da akurkinsa cike yake da hatsi.

Amosanin gaɓa yakan faro ne da kumburin fatar da ta lulluɓe gaɓa daga ciki, bayan wahala ko gurɗewa ko ƙaramin tsagewar ƙashi. Kumburin yana sakin sinadaran da ke cinye guringuntsi, ruwan gaɓa ya tsinke ya rasa yauƙinsa, ƙashin da ke ƙarƙashi ya yi tauri, a hankali wani ƙashin ya tsiro a gefe. In an kai nan, babu gari, babu allura, babu sassaƙen da zai mayar da hannun agogo baya. Abin da ake nema shi ne a rage zafi, a rage kumburi, a jinkirta lalacewar. Duk robar da ta ce za ta sake gina guringuntsin da ya riga ya tafi, ta faɗi abin da ba a taɓa tabbatarwa a jikin doki ba.

Yadda muke riƙon dawaki a nan ma yana taimaka wa ciwon. Doki ya yi makonni a ɗaure yana cin gero da dawa, ranar buki a ɗora masa sirdi mai nauyi da kayan ado, a fita da shi kan kwalta, a sake shi da sukuwa, a zo gaban jama'a a ja linzami ya dunƙule ya zauna a kan ƙafafun baya. Jahi abin sha'awa ne, ni ma ba na gajiya da kallonsa, amma duk nauyin doki da na mahayi a gwiwar baya da wuyan ƙafa yake sauka. Ga hawan dukushi tun bai cika shekara biyu ba, alhali ƙasusuwan gwiwar gaba ba sa gama haɗewa sai ya haura shekara biyu, na gadon baya kuwa sai wajen shekara biyar ko fiye. Ga kofato da ake bari ya yi tsawo ya baje, ya karkatar da gaɓar da ke samansa a kowane taku. Mai gyaran kofato da ya iya aiki, in yana zuwa duk bayan mako shida zuwa takwas, ya fi kowace roba amfani ga gaɓa.

To amma ba kowane dokin da ya ƙage ne ke da amosanin gaɓa ba, kuma a nan ne kuɗi ya fi salwanta. Dokin da aka wayi gari ya ɗage ƙafa ɗaya ya ƙi taka ta sam, sau da yawa mugunya ce ta taru a cikin kofato, ko ƙusa ya taka. Wanda ya ɓarke da hatsi ya ci ya wuce kima, kwana ɗaya ko biyu aka ga ya miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, kofatansa da zafi, wannan kumburin cikin kofato ne, kuma kowace sa'a tana da muhimmanci. Wanda aka fito da shi bayan dogon hutu, bai yi nisa ba ya tsaya cik, gumi ya karyo masa, tsokar cinya ta ɗaure, fitsarinsa ya yi ja ko baƙi-baƙi, tsoka ce ta lalace, tilasta masa tafiya ƙara masa ciwo ne. Wanda ya sandare gaba ɗaya, wutsiya a ɗage, kunnuwa a tsaye, baki ya ƙi buɗuwa, a nemi rauni a jikinsa, sarƙe-haƙora ne. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi bayan sara ko suka kuwa, ƙwayar cuta ce ta shiga, in ba a wanke ta da wuri ba doki ya gurgunce ke nan. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu wanda ke jiran gari ya yi aiki.

Akwai guda ɗaya da nake son a tsaya a kansa, don ya fi kowanne kama da amosani, kuma a cikin abincin da muke bayarwa yake ɓuya. Jikin doki yana son kalsiyam ɗin da ke abincinsa ya ninka fosfarus sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Hatsi da dusa akasin haka suke. Dusar alkama, fosfarus ɗinta ya kai kusan ninki goma na kalsiyam ɗinta, gero da dawa da masara ma fosfarus ne ya rinjaya. Abin da ke daidaita ma'aunin shi ne harawa, ta wake ko ta gyaɗa, don ganyen dangin wake yana da kalsiyam sosai. Da rani ya yi nisa, harawa ta yi tsada a kasuwar Kara, sai a rage ta a ƙara dusa, tunda dusa tana cika ciki tana sa doki ya yi ɓul-ɓul. In aka ɗauki watanni a haka, jiki sai ya koma kwasar kalsiyam daga ƙashi don ya riƙe na cikin jini. Doki ya fara taku a ɗarare, yau ɗingishi a wannan ƙafa gobe a waccan, in abin ya yi nisa ƙasusuwan fuska su kumbura tsakanin ido da hanci, haƙora su yi girgiɗi, tauna ta yi wuya. Ƙananan dawaki masu tasowa ya fi kamawa. Maganinsa ba ya cikin robar Ingila: a rage dusa, a dawo da harawa, a ƙara garin dutsen kalsiyam irin wanda masu haɗa abincin kaji ke amfani da shi, bisa ma'aunin likita, a kuma hutar da dokin watanni. Kanwa ba ta maye gurbinsa, don mafi yawanta gishirin sodiyam ne. Kuma a kula: garin dutsen kaɗai ake nufi. Haɗaɗɗen abincin kaji ko na shanu kan zo da wani magani mai suna monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki ya kashe shi.

Raba waɗannan da juna aikin likita ne, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba, tunda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta. Zai sa a ja dokin da sassarfa a ƙasa mai tauri ya duba kai: in ƙafar gaba ce ke ciwo, kan yana ɗagawa lokacin da ta taka. Zai lanƙwasa gaɓa ya riƙe kamar minti ɗaya ya saki ya ga ko ɗingishin ya ƙaru. Zai matsa kofato, wani lokaci ya kashe jijiya da allura don ya gano inda zafin yake, in da hali a ɗauki hoton ƙashi.

A ce an yi duk wannan, an tabbatar amosanin gaɓa ne. Me ke cikin robobin?

Wanda ya fi yawa shi ne gulukosamin. Wani nau'in sukari ne da jiki ke gina guringuntsi da shi, ana samo shi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wani kuma daga masara. Hujjar masu sayarwa mai sauƙi ce: ba jiki kayan gini, ya yi gini. A ɗakin gwaji, in aka jiƙa ƙwayoyin guringuntsi da shi, lallai ana ganin yana rage aikin sinadaran da ke cinye su. Matsalar tana hanji. Binciken da aka yi a jikin dawaki ya nuna abin da ke shiga jini daga wanda aka ci ta baki bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Wani aiki da aka buga a 2005 a Kanada ya same shi wajen kashi 6, ya kuma auna abin da ya isa cikin ruwan gaɓa ya tarar ya gaza wanda ake amfani da shi a ɗakin gwaji da ninki ɗaruruwa. Abokin tafiyarsa, kondiroyitin, daga guringuntsin dabbobi ake tatso shi, na maƙogwaron shanu, ko na alade, ko na kifin shak. Ƙwayarsa babba ce, ana ta muhawara kan nawa ne ke ƙetare hanji bai wargaje ba. Wanda batun alade ya dame shi, tunda hannunsa ko na yaron barga ne ke aunawa kullum, sai ya duba ko an rubuta tushen abin.

Na ukunsu MSM ne, sinadari mai ƙibiritu, mai araha, shi ya sa ake cika roba da shi. Ba a san shi da cutarwa ba, hujjar amfaninsa ga amosani kuma ba ta da ƙarfi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun ba tsofaffin dawaki haɗin waɗannan ukun na wata uku, suka ba wasu garin da ba komai a ciki, suka auna tsawon taku da na'ura. Ba su ga ƙarin da za a jingina wa garin ba. A ɓangaren mutane ma, babban gwajin da aka buga a Amurka a 2006, mai ɗauke da masu ciwon gwiwa 1,583, bai nuna gulukosamin da kondiroyitin sun fi ƙwayar banza, wadda ba magani a cikinta, rage zafi ba in aka haɗa majinyatan duka. Akwai ƙananan bincike da suka ga sauƙi a dawaki, gaskiya ne, sai dai da yawansu dawaki kaɗan aka gwada, wasu ba a ajiye rukunin da za a kwatanta da shi ba, wasu kamfanin da ke sayar da kayan ne ya biya kuɗin aikin. Doki ɗaya a fage, ai gudu gare shi.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu ba shi ne ya fi suna ba. Wani ɓangare ne na man fiya da na waken soya, ana rubuta shi ASU. A 2007 a Jami'ar Jihar Kolorado an haddasa wa dawaki amosani a gwiwa da gangan, aka ba rabinsu ASU. Da aka buɗe gaɓɓan, guringuntsin waɗanda suka sha bai zaizaye kamar na sauran ba. Amma ɗingishinsu bai ragu ba. Wannan sakamako yana koyar da abu mai muhimmanci: kare gaɓa daban, kashe zafi daban. Mai doki da ke jiran ya ga ɗingishi ya tafi zai ce ASU ba ya aiki, ga shi kuwa wataƙila yana yi a inda ido ba ya gani. Hayaluronik asid, wanda shi ne ke ba ruwan gaɓa yauƙinsa, shi ma ana sayar da na sha. An gwada miligiram 100 kullum na kwana 30 a kan 'yan dukushi da aka yi wa tiyatar gwiwar baya a Amurka, kumburin ya fi saurin saɓewa. Wannan dukushi ne bayan tiyata, ba tsohon ingarma mai tsiron ƙashi ba.

Man omega-3, na kifi ko na gansakukar teku, yana da hujja mai ɗan dama wajen rage sinadaran kumburi a jini da ruwan gaɓa. Man gyaɗa da na riɗi ba su ne ba, su omega-6 gare su da yawa, omega-3 ɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Ɗanyar ciyawa tana da nata rabon, don haka dokin da ke samun koren fadamar Rima ya riga ya fi na turke. Sai dai man kifi da zafin Sakkwato ba sa shiri. Jarkar da ta yi wata a shago cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ko ta kwana biyu a bayan mota, tana iya ɓaci tun ba a buɗe ta ba. In ta yi ɗoyi ko ɗaci, a zubar.

Na itatuwa kuwa, za a ga kurkum, da ƙaron wata bishiyar Indiya 'yar uwar hanonmu, da wata saiwa da ake haƙowa a Namibiya da ake kira farcen shaiɗan. Dangantakar hano da waccan bishiya ba ta mayar da su abu ɗaya ba, kada a ɗebo ɓawon hano a ce an huta da saye. Farcen shaiɗan yana da ɗan ƙarfin kashe zafi, har hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sa sinadarinsa cikin waɗanda ba a yarda a samu a jikin doki ranar gasa ba. Masu fita gasa su lura. Ba a kuma ba goɗiya mai ciki.

Ko da an yarda sinadarin yana aiki, saura tambaya: yana cikin robar kuwa? A 2006 wasu masu bincike a Kanada sun sayi kayan gulukosamin na dawaki iri 23 suka auna. Tara daga ciki ba su kai abin da aka rubuta a jikinsu ba, akwai ma wanda ba a samu komai a cikinsa ba. Dalili shi ne a yawancin ƙasashe waɗannan kaya ba a ɗauke su magani ba, ƙarin abinci ne, ba a tilasta wa kamfani ya kawo hujjar warkarwa kafin ya fito da su kasuwa. A Amurka kamfanonin da kansu suka kafa wata ƙungiya, NASC, da ke duba masana'anta ta ba da tambari. Tambarin yana nuna an bi tsari wajen haɗawa, ba ya nuna kayan yana warkarwa. A nan gida a nemi lambar NAFDAC, da lambar rukunin da aka haɗa, da ranar lalacewa, da hatimin murfi. Garin da aka juye a leda ko a kwalbar da ba rubutu, komai mutuncin mai sayarwa, ba ka san me ke ciki ba. Kuma in aka ba doki wani haɗi yau, jibi aka ga yana rawar ƙafa kamar ba shi ba, ni ba murna zan yi ba, zargi zan yi: ba a san gulukosamin da wannan sauri ba, maganin kashe zafi ne aka san shi da haka.

Daga nan sai lissafi, wanda shi ne kusan kowa ke tsallakewa. Kada a dubi manyan haruffan gaban roba, a juya bayanta a nemi giram nawa na kowane sinadari ke cikin ludayi ɗaya. Robar da ta jera sunaye goma sha biyar ta ce haɗin sirri ne, ba ta faɗi nawa ne kowanne ba, a ajiye ta. Ma'aunin gulukosamin da aka fi amfani da shi a bincike shi ne miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin doki, wato giram 10 a rana ga doki mai kilo 500. Wanda aka rubuta wa HCl ya fi tsantsa, kusan kashi 83 cikin ɗari gulukosamin ne, mai salfet kuwa wajen kashi 60 zuwa 65, sauran gishiri ne. Dawakinmu na gida da waɗanda ke shigowa ta Illela daga Nijar yawanci ba su kai na Turai nauyi ba, don haka gara a auna da a yi kirdado. Da tef ɗin tela ana iya yi: a auna zagayen ƙirji ta inda majayi ke bi, a auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,877. Abin da ya fito shi ne kilo, kusa-kusa.

Misali, a ce doki ya fito kilo 350. Giram 7 yake buƙata a rana. A ce roba ta kilo ɗaya ce, ludayinta giram 25, kowane ludayi yana ɗauke da giram biyu da rabi na gulukosamin. Ludayi uku ke nan a rana, robar kuma ludayi 40 ce, za ta ƙare cikin kwana 13. Gwajin wata uku zai ci roba bakwai. Kuɗin roba bakwai ne farashin gaskiya, shi za a ɗora a kan sikeli da kuɗin harawa da na mai gyaran kofato da na likita. Wanda ya sayi roba ɗaya ya riƙa yayyafa rabin ludayi don ta kai shi wata uku, dusa kawai yake ƙawatawa. Wanda kuma ya fara bayarwa ana saura mako ɗaya salla, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idon mai doki ba alƙali ba ne a kan kayan da ya biya kuɗinsa. An auna wannan a kan karnuka masu amosani a Amurka a 2012: kusan kashi 40 cikin ɗari na lokutan da aka tambayi masu karnukan da ake ba ƙwayar banza, sun ce an samu sauƙi, likitocin da suka duba ma haka, alhali na'urar auna taku ba ta ga canji ba. A wurinmu akwai ƙarin abin da ke ruɗarwa. Ana sayen gari ne lokacin da doki ya fi ƙagewa, cikin sanyin Disamba. Zuwa ƙarshen Fabrairu gari ya ɗumama, dokin ya saki da kansa, yabo ya tafi ga roba. Hanyar kauce wa wannan tana aljihun kowa. Kafin a fara, a ɗauki bidiyon dokin da waya, da sassafe, fitowarsa daga turke ke nan, a ƙasa mai tauri, yana tafiya yana sassarfa, daga gaba, daga baya, daga gefe, da kuma yana juyawa a da'ira. A maimaita duk mako biyu, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mai ja ɗaya. Kada a canja abu biyu tare: in yau aka gyara kofato, aka soma kilisa, aka soma gari, ba wanda zai san wa ya yi aikin. Ni zan fara da kofato da abinci da kilisar kullum na wata guda, sannan in ƙara gari. Bayan mako takwas zuwa goma sha biyu a nuna wa likita ko wani masanin doki bidiyoyin ba tare da an gaya masa wanne ne na farko ba. In ya kasa bambancewa, a daina saye. In an ga kamar da sauƙi, a dakatar na wata ɗaya a ga ko ƙagewar za ta dawo.

Kilisar nan ba sukuwa ba ce. Tafiya ce ta minti 20 zuwa 30 kowace rana a ƙasa mai laushi wadda ba yashi mai zurfi ba, a fara a hankali har jiki ya ɗumama. In da fili, a kewaye masa wuri a cire dabaibayin ya riƙa zagayawa da kansa. Da hunturu a kare shi daga iska, a shimfiɗa masa abin kwanciya. In ya yi ƙiba a rage hatsi, don kowane kilo na ƙari a gaɓa yake zaune, ko da yake na san raba mai doki da son ganin dokinsa ya cika ya batse ba ƙaramin aiki ba ne.

Dokin da ke jin zafi na gaske, magani yake buƙata, kuma magungunan suna nan. Fenilbutazon shi ne tsohon hannu, yana aiki, yana da araha, shi ya sa ake wasa da shi. Yana haddasa gyambon ciki da na babban hanji, yana lalata ƙoda, haɗarin ƙodar kuma ya fi yawa ga dokin da jikinsa ya rasa ruwa, wato dai dokin da aka hau da rana tsaka a bazarar Sakkwato. Allurarsa ta jijiya ce kaɗai, in ta zuba a tsoka nama ruɓewa yake. Haɗa shi da wani maganin kashe zafi irinsa ninka haɗarin ne. Deksametazon da ake tsira wa doki don ya tashi ya yi hawa yana rufe ciwo, yawan yin sa yana raunana garkuwar jiki, ana kuma jin tsoron ya tayar da kumburin cikin kofato, musamman ga doki mai ƙiba. Akwai allurai da aka yi musamman don gaɓa, irin su Adequan da ake yi a tsoka duk bayan kwana huɗu har sau bakwai, da fentosan da ake yi mako-mako sau huɗu, da waɗanda likita ke zubawa cikin gaɓar kanta. Waɗannan ba sa bi ta hanji, don haka matsalar shiga jini ba ta taso ba, hujjarsu a jikin doki kuma ta fi ta gari ƙarfi. Ta cikin gaɓa tana buƙatar tsafta irin ta tiyata. Allura ɗaya mai datti a gaɓa ta isa ta gama da doki, shi ya sa ba aikin yaron barga ba ne, ba kuma na mai shagon magani ba.

Lalas kuwa ƙuna ce a fata, ba ta isa guringuntsi ba. In an ga sauƙi bayanta, hutun dole da dokin ya samu yana jinyar ƙunar ne ya kawo shi, ga kuma ƙofa da aka buɗe wa sarƙe-haƙora a jikin dabbar da yawanci ba a yi mata rigakafinsa ba.

Ingarman da hoton ƙashi ya nuna tsiro a gwiwar baya yana iya ƙara shekaru yana aiki, in aikin ya dace da shi. Zai ɗauki ango, zai bi jerin hawa da taƙama, zai koya wa yaro zaman sirdi. Ƙananan gaɓɓan da ke ƙasan gwiwar baya ma, da yake motsinsu kaɗan ne, wani lokaci sukan haɗe da kansu bayan dogon lokaci, zafin ya ragu sosai. Sukuwa a kwalta da jahi ne dai za a miƙa wa wani dokin.